MUTUWAR HULK HOGAN TA TADA TSOHON MUSU: WANE ZAMANIN RESILIN NE YA FI?

Tun ranar Alhamis 24 ga Yulin 2025 da aka sanar da mutuwar Hulk Hogan a jihar Florida yana da shekara 71, musu biyu na yi, kuma a duka biyun ban gamsar da kowa ba.

Na farko a ofis ne, da wani abokin aikina da ya girme ni. Shi a wurinsa daga ranar da Hogan ya ɗaga André the Giant ya maka da ƙasa resilin ya ƙare, duk abin da ya biyo baya wasan yara ne. Na biyu kuma a gida, da ɗana mai shekara 14. Ya ga ina kallon wani tsohon wasa a waya, ya leƙo ya ce, "Abba, don Allah wannan tsohon me ya iya? Duka uku fa kacal gare shi. Roman Reigns minti biyar zai gama da shi." Na buɗe baki zan ba shi amsa ke nan aka kira sallar isha'i. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya, kowa ya samu rabonsa.

Na san akwai wanda zai ce, Malam, ana fama da tsadar rayuwa kai kana maganar resilin? Ana fama kam, ni ma albashi nake jira kamar kowa. Amma duk wanda ya tashi a shekarun 1990 ya san abin nan wani yanki ne na ƙuruciyarmu. A ƙyale mu mu ɗan huta yau.

Masu cewa "ai duk ƙarya ce" kuma, mun ji. Tun 1989 kamfanin WWF da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa nishaɗi yake sayarwa, don ya kauce wa dokokin hukumar wasanni. An san wanda zai ci tun kafin a shiga fage. To amma faɗuwar ta gaske ce, ƙashin da ke karyewa ma na gaske ne. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mu dai ta kaset muka san resilin. Gida ɗaya ne mai bidiyo a layinmu. Mu haɗa kuɗi mu karɓo hayar kaset, mu cika tsakar gidan mutane, in an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa mu yi ta salati kamar an yi mana mutuwa. Kaset ɗin ba a jere suke zuwa ba: yau ka ga mutum da kambu, gobe ka gan shi yana nema. Komai akta da bos ne a wurinmu, kamar fim ɗin Indiya. Mun yarda Undertaker gawa ce da ta taso. Mun yarda Ultimate Warrior na asali ya mutu an sako wani. Mun yarda Kamala ɗan Uganda ne, ashe mutumin Mississippi ne. Mun yarda Yokozuna ɗan Japan ne, ashe ɗan asalin Samoa ne haifaffen Amurka, kuma ɗan'uwan wannan Roman Reigns ɗin da ɗana yake yi mini gori da shi.

To bari in fara da abokin aikina, don yana da gaskiya a wani wuri.

Babu mai hankalin da zai raina abin da Hogan ya yi. Kafin shi, resilin a Amurka yanki-yanki yake, kowane mai kamfani da garuruwansa da taurarinsa. Vince McMahon ya karɓi kamfani daga hannun mahaifinsa ya ƙuduri mamaye ƙasar gaba ɗaya, kuma yana bukatar fuska ɗaya da zai sayar. Ranar 23 ga Janairun 1984 Hogan ya doke Iron Sheik a Madison Square Garden ya ɗauki kambu, ya riƙe shi kwana 1,474. A 1985 aka yi WrestleMania ta farko. A 1987 aka yi ta uku a jihar Michigan, inda kamfanin ya sanar da 'yan kallo 93,173, ko da yake har yau ana jayayya a kan wannan adadi. Da suka sake karawa da André a Fabrairun 1988 a tashar NBC, kimanin mutum miliyan 33 suka kalla. Ba don wannan guguwar ba, da kaset ɗin ma bai iso layinmu ba.

Amma ɗana ma bai yi ƙarya ba. Ku je ku sake kallon wasannin Hogan na wancan lokacin da idon manya. Labari ɗaya ne kullum: a yi ta dukansa, can sai ya fara girgiza kai, ya nuna mutum da yatsa, naushi uku, ƙafa a fuska, ya yi tsalle ya sauke cinya a wuya, rafali ya ƙirga uku. Shi ke nan. Ko a daren da ya ɗaga André, wasan da masana suka fi yabawa shi ne na Randy Savage da Ricky Steamboat. Hogan gwanin riƙe taro ne, irin wanda ba a taɓa gani ba. Gwanin kokawa kuwa, akwai da yawa a gabansa.

Kuma tunda ya mutu ba za mu share abin da yake a rubuce ba. A 1994 ya amsa a gaban kotu cewa ya yi shekaru yana amfani da magungunan gina tsoka, alhali yara yake yi wa nasiha su sha bitamin. A 2015 WWE ta kore shi bayan fitowar wani faifai da aka ji shi yana kalaman wariya a kan baƙar fata. Ya nemi afuwa, aka maido shi 2018, amma da yawa ba su yafe ba. A Janairun 2025 da ya fito ranar da aka fara nuna Raw a Netflix, ihu 'yan kallo suka yi masa. Mu baƙaƙen fata da muka yi ta yaga tsofaffin singiletinmu don kwaikwayonsa, wannan faifan ya yi mana ciwo.

To wane zamani ne ya fi? Ni dai amsata ita ce 1996 zuwa 2001. Kuma dalilina ba wai don lokacin nake saurayi ba, duk da na san kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dalilina gasa ce.

A farkon shekarun 1990 kasuwar WWF ta yi sanyi. Sai ga kamfanin WCW, mallakin attajiri Ted Turner, ya buɗe bakin jaka. Ya ɗauke Hogan a 1994, ya ɗauke Savage, sannan a Satumbar 1995 ya buɗe shirin Nitro ranar Litinin da daddare, daidai lokacin da WWF ke nuna Raw. A 1996 Scott Hall da Kevin Nash, waɗanda muka sani da Razor Ramon da Diesel, suka tsallaka su ma. Ranar 7 ga Yulin 1996 aka yi abin da babu wanda ya zata: Hogan, aktan aktoci, ya koma bos, suka kafa ƙungiyar nWo. 'Yan kallo suka cika fagen da shara don haushi. Daga nan Nitro ya yi mako 83 a jere yana gaban Raw a yawan masu kallo.

McMahon ya ga uwar bari. Taurarin da ya saba dogaro da su sun tafi, kuɗi sun yi ƙasa. Dole ta sa ya saki mara ga mutanen da a da ba zai ɗora su a sama ba. Steve Austin mutum ne da WCW ta sallama a 1995. Mick Foley ba shi da ƙirar da ake so. The Rock da ya fara fitowa a 1996 a matsayin yaron kirki mai murmushi, 'yan kallo tsanarsa suka yi, sai da aka bar shi ya yi magana da bakinsa sannan ya zama abin da ya zama. A Nuwambar 1997 a birnin Montreal McMahon ya sa aka kaɗa ƙararrawa aka ƙwace kambu daga Bret Hart ba da saninsa ba, saboda Bret zai koma WCW. Wannan cin amana na gaske ne, ba ya cikin tsarin da aka yi da shi. Mutane suka tsani McMahon, shi kuma ya mayar da tsanar jari, ya fito a matsayin mugun oga.

A nan ne aka samu labarin da ya fi kowane: ma'aikaci mai taurin kai da ogansa. Duk mako McMahon zai fito cikin kwat yana kafa doka, duk mako Austin zai zo ya watsa masa ƙasa a ido. Ku 'yan'uwana ma'aikata ku faɗi gaskiya, wane ne bai taɓa zama a taro yana sauraron oga yana raya wani abu a zuciyarsa ba? Mu sai mu ce "to, ranka ya daɗe" mu fita. Austin shi yake aikata abin da miliyoyin mutane suke rayawa. Ya ci kambu a Maris ɗin 1998 da Mike Tyson tsaye a gefen fage, kuma a Afrilun wannan shekarar Raw ya karya mako 83 ɗin nan.

Wani abin dariya ya faru ranar 4 ga Janairun 1999. Raw na wannan daren an riga an naɗe shi, sai mai sharhin WCW ya tona wa masu kallo cewa Foley ne zai ci kambu a can, yana yi masa ba'a. Nan take dubun-dubatar mutane suka canza tasha don su gani. Wanda aka tashi tozartawa shi aka yi wa talla kyauta.

Mu a nan ba mu ma san ana wannan yaƙin ba. Kaset kawai muke gani ya canza ɗanɗano. Sai daga baya da intanet ta zo na karanta na gane dalilin: kamfani biyu ne kowanne yake tsoron in ya yi barci mako ɗaya ɗayan zai binne shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hujjata ta ƙarshe a kan wannan ita ce abin da ya biyo baya. WCW ta lalace da rashin tsari da tsofaffin taurari masu manyan albashi da suka ƙi matsawa yara su hau. A Maris ɗin 2001 McMahon ya saye ta. Mako guda bayan Nitro na ƙarshe aka yi WrestleMania ta 17 a Houston, Austin da Rock, wadda da yawa suke cewa ita ce ta fi kowace. Daga nan kuma sai abu ya fara lafawa. Kusan shekara 18 WWE ba ta da abokin gasa na kirki a Amurka, har ta kai tana tura wa mutane wanda ba sa so. Shi kansa Roman Reigns shekaru aka yi ana cusa shi a matsayin akta ana yi masa ihu. Sai bayan da kamfanin AEW ya fito a 2019, aka mayar da Roman bos a 2020, sannan ya zama wanda ɗana yake alfahari da shi, mai kwana 1,316 da kambu. Duk inda mai sayarwa ya zama shi kaɗai a kasuwa, mai saye ne ke shan wahala. Wannan kam ba sai a resilin ba.

Yanzu ga inda zan ɓata wa tsararrakina rai. Wannan zamanin da na ce ya fi, ba na fatan ya dawo.

Ku ƙirga tare da ni. Brian Pillman ya mutu 1997 yana da shekara 35. Rick Rude 1999, shekara 40. Yokozuna 2000, shekara 34. British Bulldog 2002, shekara 39. Mr. Perfect 2003, shekara 44. Eddie Guerrero 2005, shekara 38. Duk na girme su yanzu ko mun zo sa'a. Galibinsu zuciya ce ta tsaya, a sana'ar da mutum yake yawo kusan duk shekara, ya sha maganin kashe zafi don ya iya shiga fage, ya sha na barci don ya iya kwanciya, ga na gina tsoka don kada a ajiye shi a ɗauki wani.

Ranar 23 ga Mayun 1999 a Kansas City, Owen Hart, ƙanin Bret, ya faɗo daga rufin zaure lokacin da ake sauko da shi da igiya don burgewa. Ya mutu yana da shekara 34, kuma aka ci gaba da wasa a wannan daren. A Yunin 1998 mun yi ta tafi da Undertaker ya wurgo Foley daga saman keji ya faɗa kan tebur. A Janairun 1999 Rock ya buga wa Foley kujerar ƙarfe sau 11 a ka, hannunsa a ɗaure ta baya, matarsa da 'ya'yansa ƙanana suna zaune a gaba suna kallo. Shi kansa Austin wuyansa ya samu mummunan rauni tun 1997, ya ajiye sana'ar a 2003 yana da shekara 38. A 2007 Chris Benoit ya kashe matarsa da ɗansa ya kashe kansa. Cikin likitocin da suka binciki ƙwaƙwalwarsa har da Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya, kuma sun samu lalacewa mai tsanani irin ta yawan buguwar kai. Wannan bai wanke shi daga laifin da ya aikata ba, amma ya nuna abin da kujerun nan suke yi wa mutum.

Gasar da ta kawo daɗin ita ta kawo wannan. Kowa yana so ya wuce na gabansa, sai jikin 'yan wasa ya zama itacen hura wutar. Ga kuma batsa da ta yi yawa a lokacin, yadda ba ka isa ka kalla da iyali ba sai rimot yana hannunka.

Ni ma na ga ƙaramin samfurin abin a gidanmu. Wata rana muka shimfiɗa katifa a tsakar gida, ni ne Undertaker, ƙanena ne abokin karawa. Na ɗaga shi na juya kansa ƙasa kamar yadda na gani a kaset, sai ya zame gefen katifa. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Da wuyansa ne ya fara sauka, da yanzu wani labarin ake yi. Dukan da na sha a hannun mahaifinmu ya wuce, amma kukan yaron nan a wurin mai ɗori har yau ina jin sa. Har gobe in sanyi ya shigo yakan kira ni ya ce, "Yaya, aikinka ya motsa."

Wannan ne ya sa in aka tambaye ni tauraron da ya fi, ba na cewa Hogan, ba na cewa Austin. Hogan ya fi kowa tasiri. Austin ya fi kowa zafi a ɗan lokacin da ya yi. Undertaker ya fi kowa daɗewa ana girmama shi: shekara 30 daga 1990 zuwa 2020, da nasara 21 a jere a WrestleMania kafin Brock Lesnar ya tsayar da shi a 2014. Rock ya fi kowa baki. Ric Flair da Shawn Michaels suna da masu kare su, kuma suna da hujja. In aka fita Amurka ma akwai Rikidozan da Antonio Inoki a Japan, da El Santo a Meziko wanda har kabari da abin rufe fuskarsa aka sa shi. Amma ni gwanina Bret Hart ne.

Dalili? Tunda an san wanda zai ci, to mene ne gwanintar? Gwanintar ita ce ka sa mai kallo ya yarda ana kashe mutum, alhali mutumin zai tashi ya koma wurin iyalinsa lafiya. Bret ya koyi sana'ar a gidan mahaifinsa Stu Hart a Calgary ta Kanada, kuma abin da ya fi alfahari da shi shi ne bai taɓa ji wa abokin karawarsa mummunan rauni ba. Ku kalli wasansa da British Bulldog, mijin ƙanwarsa, a filin Wembley a 1992. Ku kalli nasa da Owen a 1994. Sannan ku kalli nasa da Austin a WrestleMania ta 13 a Maris ɗin 1997. Bret ya shiga a akta, Austin a bos. Bret ya murɗe masa ƙafafu, jini yana zuba a fuskar Austin, ya ƙi sallamawa har ya suma. Kafin su bar fage zuciyar jama'a ta juya: Austin ya zama gwarzo, Bret ya zama abin ƙi. A wasa ɗaya ya gina mutumin da zai ceci kamfanin. Abin takaici, shi da ya yi shekaru yana kare wasu, shurin ƙafa ɗaya a ka daga Goldberg a Disambar 1999 ne ya kawo ƙarshen sana'arsa.

Kai kuma ɗana, in ka karanta wannan a wayar Ummanka, ga naka rabon. Yaran yanzu sun fi na da sauri da iya tsalle, wannan na yarda. Tun 2006 WWE take gwajin ƙwayoyi, kuma daga baya ta hana bugun kujera a ka. Mata da a da ado ne kawai, a 2019 su suka rufe WrestleMania. A wannan daren ne Kofi Kingston, haifaffen Kumasi ta Ghana, ya ci babban kambun WWE. Ga Omos haifaffen Legas, ga Oba Femi ɗan Najeriya da ya riƙe kambun NXT a 2025. Mu a zamaninmu in an ce ɗan Afirka, sai a shafa wa mutumin Mississippi fenti a ciki a ce daga daji ya fito. John Cena ya kafa tarihi da kambun duniya na 17 a Afrilun 2025, kuma a Disambar wannan shekarar ya yi ritaya yana da shekara 48, da ƙafarsa ya tafi gida. Da yawa cikin gwanayena ba su ga wannan shekarun ba. Saboda haka zamaninmu ya fi naku daɗi, naku ya fi namu tausayi. In aka ce in zaɓi wanda za ka girma kana kallo, naka zan zaɓa. Amma kada in sake ganin ka ɗaga ƙaninka a kan katifa. Ka tambayi baffanka labarin kafaɗarsa.

Na faɗi nawa: zamani 1996 zuwa 2001, gwani Bret Hart. Na san mutanen Undertaker suna nan tafe da sanduna, mutanen Shawn Michaels ma haka. Bismillah, ku zo da hujja, ban da zagi. Kuma kowa ya faɗa mana wasan farko da ya fara gani, da gidan wa ya gan shi.